Saniyar teknishiyam: me ya sa uwar ake ɗaukowa, ba 'yar ba

Idan ka ga ƙaramin harafin m a bayan lambar sinadari, kamar Tc-99m (Tc na nufin teknishiyam), ba sabon sinadari ba ne. Cibiyar ƙwayar zarra ce da ta riƙe rarar kuzari, ta ƙi saki da wuri. Yawancin cibiyoyi sukan fitar da irin wannan rarar a matsayin hasken gama, wani haske mai ratsa jiki da ido ba ya gani, cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa biliyan na daƙiƙa. Masu m kuwa sukan daɗe, domin juyin cibiyar a matakin sama ya yi hannun riga da na matakin ƙasa, saukowar sai ta yi wuya. Otto Hahn ne ya fara gano haka a Jamus a 1921, a kan Pa-234, wato furotaktiniyam, jikan yuraniyam-238 a jerin rikiɗewarsa. Wato duwatsun yuraniyam na Kitongo da ke yankin Poli a arewacin Kamaru suna haifar da shi kullum, ba wanda ya ji ƙara. Akwai ma Ta-180m na sinadarin tantalam, wanda har yau ba a taɓa ganin ya sauko ba.

Wanda ya shafi majinyaci shi ne Tc-99m, da ake yi wa mutum allurarsa don ɗaukar hoton ƙashi, ƙoda ko zuciya. Duk awa 6 rabinsa yake tafiya, yana fitar da gama mai ƙarfin 140 keV (keV ma'aunin kuzarin hasken ne), daidai abin da kyamara ke iya gani. Yi lissafi: da za a ɗauko shi daga Yawunde a jirgin ƙasan dare, a ce awa 14, kashi ɗaya bisa biyar ne zai isa Ngaundare. Kafin mota ta kai shi Garwa ko Marwa, sai dai kwalba. Bayan awa 24 kashi 6 cikin 100 ke saura.

Shi ya sa uwar ake ɗaukowa, Mo-99, wato molibdenam da ke rikiɗewa ta zama Tc-99m, wadda sai ta yi awa 66 take raguwa da rabi. Ana samar da ita a 'yan cibiyoyin nukiliya ƙalilan, ciki har da SAFARI-1 ta Afirka ta Kudu. Takan zo manne da garin alumina a ɗan bututu, cikin tukunyar dalma. Ma'aikata na kiranta saniya, aikin kuma tatsa. Sai a soka kwalbar ruwan gishirin asibiti a ɓangare ɗaya, a soka kwalbar da aka zuƙe iskarta a ɗayan. Ruwan ya ratsa bututun, ya wanko teknishiyam, ya bar uwar a manne. Nonon yakan sake cika bayan kamar awa 23, don haka tatsar safe ta fi albarka. Saniyar kanta tana asarar kusan kashi 22 cikin 100 a kullum, bayan mako ɗaya ko biyu ta ƙafe.

Inda ake samun matsala shi ne a tatsar. Uwar kan biyo nono idan bututu ya tsage ko ya sha jijjiga a hanya. Ana gane haka ta hanyar saka kwalbar cikin dalma mai kaurin milimita 6, wadda ke tare 140 keV amma ba ta iya tare gamar Mo-99 mai 740 da 780 keV, sai a auna hasken da ya ratso. Iyakar da aka saba bi ita ce 0.15 kBq na Mo-99 a kowane MBq ɗaya na Tc-99m (Bq ma'aunin yawan rikiɗewa ne, kBq dubu ɗaya MBq ɗaya ne). Kuma ko an ci wannan gwajin da safe, ba a gama ba: 'yar ta fi uwar saurin ƙarewa, kason uwar sai ya riƙa hawa. Galibi bayan awa 12 ba a yi wa kowa allura da shi.

Tatsar farko bayan doguwar tafiya ma abar lura ce. A lokacin Tc-99 da ya riga ya sauko ya taru, ba ya ba da hoto, amma yana cinye sinadarin kuzar da ke kwalbar haɗin magani, wanda shi ke sa teknishiyam ya kama maganin. Haka idan iska ta shiga kwalbar ta sirinji, kuzar ta lalace. Sai teknishiyam ya ƙi kama maganin, a nemi hoton ƙashi a ga ciki da maƙogwaro suna haske.