Godiya bayan ziyararmu zuwa Tatton Park

Assalamu alaikum. A madadin iyalan da suka shirya tafiyar Asabar da ta gabata, ina miƙa godiya ga duk wanda ya ajiye hidimar gabansa ya biyo mu daga Manchesta zuwa gandun Tatton Park, kusa da garin Knutsford, domin mu tsaya a gaban dutsen tunawa da sojojin laima da aka horar a wurin lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

Godiyata ta farko ga dattijon nan ce, Bature mai aikin sa kai, wanda ya raka mu da ƙafa cikin yayyafi da iska har gindin dutsen, bai nuna gajiya da tambayoyin yaranmu ba. Daga bakinsa muka ji cewa a watan Yunin 1940 Firaministan Birtaniya na lokacin, Winston Churchill, ya nemi a kafa rundunar sojojin laima 5,000, aka buɗe makarantarsu a Ringway, inda filin jirgin saman Manchesta yake a yau, sannan mai gandun, Lord Egerton, ya ba da filinsa domin su riƙa dira a kai. Kimanin mutum 60,000 ne suka samu horo a makarantar, ciki har da 'yan ƙasashen da Jamus ta mamaye da kuma mata 'yan leƙen asiri. Ya kwatanta mana yadda soja ke zurarowa ta wani rami a cikin jirgin Whitley, wanda idan bai miƙe sambal ba sai fuskarsa ta bugi bakin ramin, da yadda wasu ke dirowa daga kwandon balan-balan mai nisan ƙafa 800 daga ƙasa. Yaran da suka wuni suna bin barewa da ido suka yi tsit, ɗaya daga cikinsu ya ɗora tafinsa a kan jiƙaƙƙen dutsen yana kallon sama.

Baba, kai ma mun gode ƙwarai. Labarin mahaifinka, wanda ya yi yaƙin Bama (ƙasar Myanmar ta yau) a Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, da yadda ake jefo musu abinci da laima a dajin Kaladan, shi ne ya sa na ji wurin ya shafe ni, domin kafin nan ina ganinsa tarihin wasu ne kawai. A ganina wajibi ne mu naɗi muryarka, yaranmu su gada.

Iyayenmu mata da suka kwana suna suyar waina da ƙosai, da samarin da suka tura keken Hajiya a kan ciyawa mai laka ba tare da an roƙe su ba, Allah ya saka muku da alheri, ya albarkaci zuriya. Muna kuma neman afuwar waɗanda suka daɗe a tsaye cikin sanyi saboda makarar motarmu. Wanda ya ɗauki hoton Baba a gaban dutsen, don Allah ya turo mana, iyalinsa suna buƙata.