Daga Katsina Zuwa Dajin Offinso

Kwana huɗu ke nan da dawowata daga Ghana, har yanzu jar lakar dajin ba ta gama fita daga takalmina ba. Goro ne ya kai ni Kumasi, amma daji ne ya cinye mini rabin kwanakin.

Hanyar Legas zuwa Kwatano da Lome ba ta da wani labari, sai dai wani jami'i a ɗaya daga cikin iyakokin da ya riƙe fasfona yana jujjuya shi kamar mai zaɓen kankana. Na gaishe shi, bai amsa ba. Sai da ya shanya ni a rana kusan awa guda sannan ya cillo mini shi a kan tebur. Allah ya shirye shi.

A unguwar Aboabo na sauka, gidan wani Alhaji abokin cinikin mahaifina tun da daɗewa. Hausar zango ta ba ni dariya ranar farko, don mace ma "ya zo" ake ce mata, amma karamcinsu ya rufe mini baki. Da safe koko da ƙosai, da rana wake da shinkafa da suke kira wace, kuma duk sanda na sa hannu a aljihu sai Alhaji ya ɓata rai: "Ɗana, a gidan ubanka kake biyan kuɗin tuwo?" A kasuwar Kejetia kuwa na daina lissafa sidi da naira, domin duk lissafin da na yi sai ruwan leda ma ya gagare ni sha.

Alhajin ne ya haɗa ni da direbansa zuwa Abofour, a kan hanyar Techiman bayan an wuce Offinso, inda surukinsa yake noma a cikin gandun dajin gwamnati na Afram Headwaters. Da na ji "noma a cikin gandun daji" sai na ɗauka ɓarna ce irin tamu. A wajenmu in ka ga gona a dajin Rugu, to an sare ne an cinye, balle yanzu da dajin ya zama mafakar 'yan bindiga.

Ashe ba haka ba ne. Gonar da na shiga, agada ce da gwaza da masara da barkono, amma a tsakaninsu ga 'yan itatuwa a jere, layi-layi, kowanne an share gindinsa tas. Manomin, dattijo ne daga arewacin Ghana mai jin Hausa sosai, ya riƙa nuna mini su da adda: wannan ofram, wannan sidirela, wancan ɗan'uwan maɗacinmu ne. Ya ce gobarar 1983 da masu yankan katako suka gama da wurin, har ya zama ba abin da ke tsirowa sai wata ciyawa mai naci da suke kira Acheampong, sunan tsohon shugaban mulkin sojansu. Mutanen Ghana ba su da dama wajen laƙabi!

Tsarin sunansa taungiya, kalmar kuma daga ƙasar Bama ta fito. An yi shi a da ya mutu, saboda manomi ba shi da komai a cikin itacen. Wasu ma da gangan suke kashe dashen don kada inuwa ta kore su daga gonar. A 2002 aka dawo da shi da sabon rabo: ranar da aka sare katakon aka sayar, manoma suna da kashi 40 cikin ɗari, hukumar gandun daji 40, sarakuna da masu ƙasa 15, ƙauyen da ke bakin dajin 5. Amfanin gonar kuma duk na manomi ne.

Na ce masa, "Baba, to yanzu wa ke gadin wurin?" Ya dube ni kamar na yi tambayar yara. "Wa ke gadin akuyarka?" Kafin rani su da kansu suke share layin tare wuta, kuma in aka ji ƙarar injin yanka da dare, ba sai an jira malamin daji ba. Nan na tuna dashen da ake yi mana a gida duk damina: a tara manya, a ɗauki hoto, a watse, kafin kaka awaki sun yi sallar dashen. Maƙwabtanmu na Maradi ma ai sai da manomi ya tabbata gawon da ke gonarsa nasa ne sannan ya bar kututture ya tofo.

Sai dai dattijon bai ɓoye mini ciwon ba. Bayan kamar shekara 3 inuwa takan rufe, masara ta daina yi, katakon kuma sai ya shekara ashirin ko fiye kafin ya isa yanka. "Tsakanin nan me za a ci?" In an sami sabon fili a ba su, to, in babu, sai haƙuri. Ya kai ni wani yanki da ya dasa tun yana da sauran ƙarfi. Da shigarmu rana ta ɓace, sanyi ya sauko, na ɗaga kai hulata ta faɗi. Ya dafa wani ofram ya ce rabonsa na wannan, jikokinsa ne za su karɓa.

Ya cika mana bayan mota da agada, ya ƙi karɓar ko sisi.

Goron na saya a Kumasi, da tsada, kuma na san an ɗan taɓa ni. A Akra kwana ɗaya na yi, cunkoso kawai. Agadar ta nuna tun kafin Lome, muka rabar da ita a mota.