Ƙarar gaban Hilux ɗina

Tun damina gaban Hilux ɗina yake wata ƙara, ƙwas-ƙwas, duk sanda na faɗa rami a hankali. A kan kwalta mai kyau kuwa shiru. Kowa ya ji sai ya ce shokozoba ce, har an fara yi mini lissafin sabuwa a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano.

Wani dattijon bakanike a Kurna ya ce, "Alhaji, bari mu ji ta bakin motar tukuna." Ya ɗaga ta a jak, ya kama tayar sama da ƙasa ya girgiza, ya ce da boljoyin ne (gaɓar da ke riƙe da taya) ko boris (wanda taya ke juyawa a kansa), nan za ta yi wasa. Ya girgiza hagu da dama saboda tayarod, ƙarfen da ke haɗa sitiyari da taya, lafiya lau. Shokozobar ma ba ta yoyon mai. Ya sa na murɗe sitiyari gaba ɗaya na ja motar, ba ƙas-ƙas, wato shaf ɗin da ke juya tayoyin gaba ƙalau yake.

Sai ya zura ƙarfe ya ɗan banƙara sandar sitabilaiza, mai rage karkatar mota a kwana, ƙarar ta fito. Ashe robar bushin da ke riƙe da sandar ce ta cinye, ƙarfe yana dukan ƙarfe. Irin wannan haƙurin bincike ya yi ƙaranci a garejojinmu, wallahi. Bushin duka biyun ya canja, hagu da dama.