Katin da Ya Sauke wa Furosesa Dako

Sana'ata ba da haya ce, sai dai ba ta gidaje ba. A wani ɗan ɗaki a Barnawa nake ajiye sabobi uku, wato manyan kwamfutocin da ke yi wa wasu hidima ta intanet, ina yanka kowacce zuwa ƙananan kwamfutoci na manhaja waɗanda makarantun kuɗi da shagunan magani ke haya. Ƙarfin furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, shi ne hajata, don haka duk wanda ya tafi a wani aiki daban, daga aljihuna ya fita.

Na daɗe ban gane inda ƙarfin ke zurarewa ba, sai da yaron da nake koya wa aiki ya nuna mini allo ya ce, "Oga, ai dako furosesa take yi." Gaskiyarsa ne. Manhajar Open vSwitch ce ke amfani da furosesa tana duba kowane ƙunshin bayanai, ta yanke inda zai nufa, ta naɗe shi da VXLAN, wani marufin bayanai mai ƙara masa bait 50, alhali layin gigabit 10 yana iya kwararo ƙananan ƙunshi miliyan 14.88 a daƙiƙa guda.

Manyan kamfanoni sun riga mu gano wannan. Amazon ya sayi Annapurna Labs, mai ƙera cif na kwamfuta, a 2015, ya fito da tsarin Nitro mai sauke wa furosesa wannan dako a 2017, Nvidia kuma ya kammala sayen Mellanox, mai ƙera katunan sadarwa, a 2020. Ni da aljihuna bai kai can ba, katunan sadarwa na Mellanox samfurin ConnectX-5 na hannu na saya. Yanzu ƙunshin farko kaɗai ke bi ta manhaja, daga nan a rubuta dokar tafiyarsa a cikin katin, sauran su wuce ba tare da furosesa ta sa hannu ba.

Abin da ban lissafa ba shi ne, kwamfutar da aka ɗaure da katin ta hanyar SR-IOV, wato haɗa ta da katin kai tsaye, tana da wuyar ɗaukewa zuwa wata saba tana cikin aiki. A hunturun bara ƙura ta toshe fankar saba ɗaya, dole na kashe kwamfutar wani shagon magani da tsakar rana, mai shagon yana ta kira. Tun daga ranar, masu yawan zirga-zirgar bayanai kaɗai nake ɗaurewa da katin, shagunan magani kuwa na mayar da su kan tsohuwar hanyar manhaja.