Kafin ku ɗora tsoho a mota ko jirgi, ku ji abin da ya same ni

Ƴaƴana, musamman ku da Allah ya buɗa wa kuke shirin kai iyayenku Umara bayan sun ajiye aiki, dan Allah ku ɗan saurare ni. Shekara 35 na yi ina aikin gwamnati a nan Jos, da kuɗin sallama suka fito na ce ba abin da zan fara sai Umara ni da uwargida, kuma duk wahalar da muka sha ni na jawo mana saboda na tsara tafiyar kaman ina ɗan shekara 30.

Jirginmu na dare ne daga Abuja. Babban ɗana ya yi ta roƙona mu tafi tun ana gobe mu kwana gidan ƙanwarsa a Kubwa mu huta, na ce ina, ai ba wani nisa. Muka fito da asuba cikin sanyin nan na Disamba, riga uku a jikina da hular sanyi, muna gangara Hawan Kibo gari ya fara ɗumi, kafin mu kai Akwanga na jiƙe sharkaf da zufa. Kuma tun daga gida ban sa ruwa a bakina ba, da gangan, don kar fitsari ya matse ni in ce direba ya tsaya a gaban mutane, maganin hawan jinin da nake sha shi ma yana sa fitsari sai na ƙi shansa ran nan. Ga cunkoson Mararaba da Nyanya, ga zaman filin jirgi, ga wajen awa biyar a sama zuwa Jidda ina kujerar taga ban motsa ba don kar in tada na kusa da ni.

Da muka sauka silifas ya ƙi shiga ƙafata. Na danna yatsa a ƙwaurina, ramin ya zauna bai taso ba. Daga baya likita yake gaya min zaman da ya wuce awa 4 ba motsi yana iya sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, in gudan ya ɓalle ya tafi huhu ana rasa rai. Nawa Allah ya taƙaita a kumburi. Toh ku kama wa tsohonku kujerar gefen hanya, ku ba shi ruwa ko bai nema ba, ku tashe shi ya ɗan taka.

Wanda har yau nake jin nauyinsa shi ne na maganin uwargida. Tana da ciwon suga, ni da hannuna na zuba magungunanta a babbar jaka wai don mu rage kayan hannu, jakar kuwa ba ta iso ba sai bayan kwana biyu. Na je kemis a Makka ana tambayata sunan maganin ban sani ba, iyakata in ce fari ne ƙarami. Wallahi ban taɓa jin na gaza irin na ranar ba. Magani a jakar hannu yake tafiya, cikin kwalinsa, da takardar likita, ku ɗauki hotonsa a waya, ku ƙara na sati ɗaya a kai. Mai allurar insulin kam kar a kuskura a sa ta cikin kayan awo, sanyin can ƙasan jirgi na iya lalata ta. Kuma agogon Saudiyya ya riga namu da awa 2, a tambayi likita yadda za a gyara lokacin sha.

Na fasfo da rigakafi kun fi ni sani, ya zama da sauran wata 6 a jikinsa, allurar sanƙarau a yi ta aƙalla kwana 10 kafin tafiya, katin rigakafin shawara ma yana hannu.

Sai keken guragu. A filin jirgi kyauta ake ba da shi in an nema tun wajen yankan tikiti, yarinya ma'aikaciya ta turo min na ce ni ba gurgu ba ne. A haka da kumburarriyar ƙafa na shiga ɗawafi ko barci ban yi ba, na ɗora da sa'ayi, Safa da Marwa sau 7 kusan kilomita 3 ne fa. Kwana uku na yi kwance a otal ina jin kiran salla daga Harami ba halin in je, abin da na yi shekaru ina tara kuɗi dominsa. Alhali Manzon Allah (SAW) da kansa ya yi ɗawafi a kan raƙumi a hajjin bankwana, ni kunyar me na ji?

Ku sani babanku ko mamarku ba za su ce muku sun gaji ba, mu haka aka rene mu, kuma muna ganin kuɗin da kuka kashe. In ka ce Baba ka gaji, zai ce lafiya lau. Kai za ka ce wa direba a tsaya Keffi zan yi alwala, sai ka ga shi ma ya sauko. Daga Makka zuwa Madina kuma ku daure ku biya musu jirgin ƙasa na Haramain, bai kai awa 3 ba, mu a bas muka wuni.

In Allah ya nufa za mu koma ni da ita, na riga na gaya wa ɗiyata ta Kubwa ta gyara mana ɗaki, kwana biyu za mu yi wajenta kafin jirgi.