Abin da na koya daga tsofaffin katun na Amurka

A darasinmu na tarihin fim an ba mu aikin kallon gajerun fina-finan katun da kamfanonin Amurka suka fitar daga 1928 zuwa ƙarshen yaƙin duniya na biyu, irin waɗanda ake haskawa a sinima kafin babban fim ya fara. Abin da ya fi zauna mini a rai shi ne cewa yawan ganin wata al'umma a allo ba ya nufin an ba ta haƙƙinta, domin baƙaƙen fata sun cika waɗannan fina-finai, amma da wuya a ga ɗayansu ya fito da kamala irin ta ɗan Adam.

Tushen matsalar ya girmi katun ɗin. Tun ƙarni na 19 akwai wani wasan dandamali a Amurka da fararen fata ke shafe fuska da baƙi, su zana manyan leɓɓa, su kwaikwayi baƙar fata a matsayin malalaci ko wawa. Masu zane sun gaji wannan siffa, suka zuba ta a takarda. Bosko, tauraron farko na jerin katun ɗin Looney Tunes a 1930, da ita aka gina shi, kuma a 1933 an nuna Mickey Mouse kansa da baƙar fuska yana irin wannan wasa.

Misalin da na fi daɗewa ina juya shi a zuciya shi ne na Louis Armstrong, shahararren mawaƙi kuma mai busa kakaki, baƙar fatan Amurka. A 1932 kamfanin Fleischer ya sa shi a wani katun na Betty Boop, da muryarsa da kakakinsa da makaɗansa, wanda a ido tamkar girmamawa ce ga babban mawaƙi. Sai dai a cikin labarin, wani mutumin daji na Afirka ne yake bin taurarin da gudu, kansa ya rikiɗe ya koma fuskar Armstrong ta gaske tana rera waƙa. An ci moriyar fasaharsa domin a sayar da fim, sannan aka jingina shi da siffar da ke wulaƙanta jinsinsa, alhali ba shi ne ke riƙe da alƙalamin zanen ba. Haka ita ma 'yar aikin gidan nan ta Tom and Jerry, wadda da yawa daga cikinmu muka taso muna gani a talabijin: Lillian Randolph, 'yar wasa baƙar fata, ce ta ba ta murya, amma galibi ƙafafunta da silifa kawai ake nunawa.

Daga nan na fara duba waɗanda ke zaune a ɗakin zane kafin in duba allo. Mata a kamfanin Disney na shekarun 1930 galibi an taƙaita su ga bin layi da tawada da shafa launi, kuma sai a 1956 aka ɗauki Floyd Norman, baƙar fata na farko da ya daɗe yana zane a can.

A 1968 kamfanin United Artists ya janye katun 11 na Warner Bros. daga talabijin saboda cin zarafin da ke cikinsu. A ganina janye su daga gaban yara daidai ne, amma ɗalibi na buƙatar ganinsu ba tare da an yanke komai ba, domin kwafin Tom and Jerry da aka gyara a shekarun 1960, inda aka mayar da 'yar aikin gidan nan farar fata, ba ya nuna masa cewa an taɓa yin wani abu da ya buƙaci gyara.