Ni da wasan sharar ƙanƙara

Kullum bayan sallar asuba sai na kunna BBC Hausa, in leƙa Facebook in ga abin da ƙasa ta kwana ciki, daga nan kuma sai in zarce YouTube kallon kalin, wasan nan na Sikotilan da ake tura dutse mai kusan kilo 20 a kan ƙanƙara wasu na gaba suna ta shara kamar za a yi baƙi. Wallahi sharar ce ta kama ni, ashe ita ke sa dutsen ya ƙara nisa. Tun 1998 ake buga shi a Olamfik ba fashi. Uwargida dai cewa ta yi tunda shara nake so ga tsakar gida nan.